Hoton Ango a Jikin Roba

Salama gare ku, masu bibiyata. Ku gyara zama, don yau ba ranar dariya ba ce, ko da yake na san wasunku sai sun fara yi mini dariyar kafin su tausaya mini. Wadda yau ta fara shigowa kuma, sunana Ruwaida, 'yar Tambuwal ce ni, kuma lokacin da abin nan ya faru bikina ya matso, har an fara yi mini dilka ana turara ni kamar sabuwar tukunya.

Wanda zan aura Ya Aminu ne, Aminullahi, ɗan Goggo Batula yayar Babanmu. Taubashina ne. Tun ina yawo ba ɗankwali yake kirana Mai-kan-ƙwarya, ni kuma ina ce masa Dogo-ba-amfani, ban san wata rana sunansa kawai zan gani a waya in kama murmushi ni kaɗai ba.

Soja ne. A Tambuwal in na faɗi haka ba wanda zai waigo. Amma a ƙauyensu, can gaba da Kebbe, wanda ba zan faɗi sunansa ba kuma za ku gane dalili, ko a ƙuryar ɗaki ba a furta wannan kalma. Mutanen daji suna da kunne a ko'ina, a kasuwa, a bakin rijiya, har a sahun masallaci. Gidan da suka ji yana da ɗa a soja ko ɗan sanda, to gidan ya shiga uku. Saboda haka duk ƙauyen abin da suka sani shi ne Aminu yana Ikko yana sayar da albasa. In zai zo gida, a ɗakin ƙofar gidanmu yake tuɓe takalmansa ya bar jakarsa, ya zura wata koɗaɗɗiyar shadda, ya danna hula har kunne don kada a ga askinsa. Har tafiya yake canjawa, ya riƙa jan ƙafa, ni kuwa in yi ta ƙyalƙyala dariya. Allah Ya yafe mini, a lokacin wasa na ɗauki abin.

Goggo kuma ba ta magana da shi. Tun rasuwar mahaifinsu Malam Ladan, da aka yi ta kiran Ya Aminu yana can daji ba a ba shi izinin tahowa ba, sai bayan an share makoki ya iso, tun ranar ta daina kiran sunansa. Ɗan gwamnati take ce masa. In ya kira wayar yayansa Gazali ya ce a ba ta, sai ta ce tana lazimi, ko da kuwa tuwo take tuƙawa. Aurenmu ma da Baba ya je mata da maganar, cewa ta yi, "Ɗiyarka ta, in ka ga za ka iya ba gwamnati ita, ni mi nawa?" Baba ya dawo yana murmushin yaƙe ya ce ta amince. Mama ta dube shi ta ce in wannan ce amincewa, Allah Ya raba ta da ganin ƙi.

Ana haka sai matar Ya Gazali, Kamila, ta haihu, namiji. Mama ƙafa ta matsa mata, Baba kuma ya ce ni zan wakilci gidan wurin suna, wai ko ganina ya sassauta zuciyar 'yar uwarsa.

Daren da zan tafi da safe, tun kafin magariba Anti Zulfa ta diro daga Sakkwato. Ita ce babbar yayarmu, mijinta ma'aikacin banki ne, kuma ita ta ɗauke wa Mama kayan rabon biki. Ta shigo tana ƙamshi, leshi ruwan zuma, mayafin kafaɗa da bai rufe komai ba, gilashi a saman goshi. Direba yana ta sauke manyan jakunkuna a tsakar gida.

"Amarya, ki gode Allah da kika samu yaya irina," ta ce. "Robobi na da mahutai na fifita, kowane da sitika. Bikin ɗiyar kwamishina ma ba a yi irinsu ba."

"In gani mana, Anti."

Ta doke mini hannu. "Ba ki gani sai ranar. Wagga jaka ɗaya ki tafi da ita ƙauye. Mutanen Goggo ba duka za su iya zuwa biki ba da wagga hanya, gara a raba musu wurin suna, su san ɗiyar birni za su samu."

Ta ɗaure bakin jakar da igiya tamau. Ni kuma hankalina yana kan ɗinkina da tela bai kawo ba, ban ko sake waiwayarta ba.

Bayan isha'i saƙonsa ya shigo.

"Mai-kan-ƙwarya, an ce gobe za ki ga Inna."

"An ce. Tsoro nake ji."

"Ba ta cizo. Ni kaɗai take cizo."

Na tura masa alamar dariya, amma shi bai mayar ba. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Ki duba mini idonta, Gazali ya ce yana mata hazo. Ki duba ko tana cin abinci. In kin samu fuska ki ce mata ina neman gafara. Kar ki kare ni, Ruwaida. Duk abin da ta faɗa gaskiyarta ne."

"Kai ma ai ba don daɗi kake can ba."

"Na sani. Amma ni na zaɓa. Su ba su zaɓa ba."

Na daɗe ina kallon wannan layi. Na tuna tabon da ke kafaɗarsa wanda ya ce mini ƙaya ce, da abokinsa Mu'awiya da kullum yake ba ni labarinsa, har ranar da ya daina ban kuma tambaya ba. Na so in rubuta masa wani abu mai daɗi, sai na ga har ya sauka.

Da safe na sa atamfata koriya shar mai zanen ganye, riga da zane, na ɗora babban hijabi ruwan toka saboda Mama ta ce kada in kuskura in je wa Goggo da mayafi. Baba ya kai ni tasha da kansa ya damƙa ni hannun direban da ya sani. Damina ta yi nisa, gero ya yi tsayi har ya rufe bakin hanya, ba ka ganin komai dama da hagu sai kore. Da muna yara irin wannan lokaci murna muke. Yanzu kuwa tunda muka bar kwalta hira ta mutu a motar. Wani tsoho a gaba yana jan carbi, direba ya kashe rediyo, kowa idonsa na kan geron. A wani shinge 'yan sa-kai suka leƙo suka dube mu ɗaya ɗaya, ɗayansu ya ce wa direba, "Ka juyo da wuri, kak ka bari la'asar ta ishe ka."

Daga Kebbe babur na hau, jakar Anti Zulfa a kan tanki.

Gidan ya cika maƙil da mata. An yanka rago tun safe, yaro ya ci sunan kakansa Ladan. Hayaƙi, ƙamshin masa da hoce, tafasasshen ganyen wankan jego a babbar tukunya, yara suna rarrafe tsakanin ƙafafu. Dangin Kamila sun zo daga ƙauyuka daban-daban, wasu da goyo, wasu da ƙwaryar fura a ka. Ina shiga aka ɗau guɗa, "Ga amaryar mai albasa! Ga matar Ikko!" Wata tsohuwa ta kama hannuna tana shinshina wai ta ji ko na fara warin albasa. Na yi dariya, na shiga na yi wa Kamila barka, na ɗauki jariri. Sannan na nuna mata jakar na ce kayan rabon bikina ne, in mutane za su tafi a ba kowa. Ta ce wa ƙanwarta ta ja ta bayan ƙofa. Shi ke nan abin da na yi, jama'a. Da bakina na ce a ba kowa.

Ɗakin Goggo yana can ƙarshen gida kusa da rumbu. Ita ba ta fito cikin taro ba. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Tana zaune a kan buzun Malam, ta rame, zanen saƙi baƙi a jikinta. Abin da ya fara tsone mini ido shi ne buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da madara jibge a kusurwa har kusan rufi, ƙura ta lulluɓe su, ɓera ya huda na ƙasa. Na gane su. A gidanmu Ya Aminu yake sauke su, Baba ya aiko.

"Ruwaida ta? Matso in gan ki, idon ya tafi."

Na matsa. Ta shafa fuskata, ta taɓa lallen hannuna.

"Kin yi kyau. Uwarki ta iya kiwo." Ta saki hannun. "Kina kallon kayan ɗan gwamnati? In kina so ki kwashe, gidanki za su yi amfani."

"Goggo, don ke yake aikowa."

"Ni nic ce mashi yunwa nika ji?"

Zuciyata tana ce mini Ruwaida rufe bakinki, an ce kada ki kare shi. Amma kun san ni.

"Goggo, ya ce in ce miki yana neman gafara. Wallahi kullum sai ya yi zancenki. Ranar rasuwar Baba Malam ba ƙin zuwa ya yi ba, hana shi aka yi. Mutane yake karewa, Goggo, irinmu."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

"Mutane. To mu mi muke, itace? Ɗiyata, bari in gaya miki abin da ba a gaya miki Tambuwal ba. Randa ciwon Malam yat tashi, babu mota, babu mai fita. Wancan," ta nuna waje da haɓa, Ya Gazali take nufi, don ba ta kiran sunan ɗan fari, "shi yag goya ubanai bisa babur, anka ɗaure su da rawani kamar jinjiri. Malam yana ta tambaya, Aminu ya iso? Aminu ya iso? Ni ina ce mashi yana hanya. Da ƙaryata a kunnenai yac cika. Wanga shi na ba ni iya mantawa."

Hawaye suka cika mini ido. Ita ko nata a bushe.

"Gonarmu ta fadama, wadda ta ci da gidanga tun kakanni, mun bar ta, don tana bakin daji kuma muna tsoron a tare wancan a tambaye shi ƙanenai. Duk zuwan da ɗan gwamnati za shi yi, sai wancan ya tafi kasuwa ya sawo buhun albasa da kuɗin guminai, a bi gida gida ana rabo, wai tsarabar Ikko. Ni da furfurata, in mata sun tambaye ni ya kasuwar Aminu, in ce alhamdu lillahi. Shi yana can an ba shi bindiga shi kare kainai. Mu mi anka ba mu? Ƙarya anka ba mu mu riƙe."

"To Goggo, in ya bar aikin fa?"

"Ya bari Malam shi dawo?"

Na jawo kwanon tuwon da aka ajiye mata tun rana, na buɗe, na ce ba zan ci ba sai ta ci. Ta harare ni ta ce ashe rashin kunyar taubasantaka har uwar miji take kaiwa. Amma ta sa hannu. Muka ci tare, tana ba ni labarin yadda Ya Aminu yana ƙarami ya taɓa faɗawa rijiyar gindin kuka garin leƙen ƙwan tsuntsu, ba ta ambaci sunan ba, "shi wancan ɗin" take cewa, amma na ga bakinta ya yi laushi. Har na fara ce wa raina, Ruwaida kin iya aiki, yau za ki ba shi labari mai daɗi. Daga waje ina jin mata suna sallama, babura suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na sauri kada la'asar ta yi masa a hanya.

Sai aka banko labule ba sallama.

Ya Gazali ne. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma ranar jijiyar wuyansa kamar ta tsinke. Sabuwar shaddarsa ta suna duk ta jiƙe da gumi. A hannunsa wata roba ce shuɗiya mai murfi.

"Wa yak kawo wanga abu gidanga?"

Na miƙe. "Ni ce, Yaya. Kayan rabon…"

Ya juyo mini da gefen robar.

Jama'a, ku ji abin da na gani. Sitika ce mai sheƙi, faɗin tafin hannu. Ga ni a dama cikin leshina na sallah ina murmushi. A hagu ga Ya Aminu cikin kakinsa, hular ƙarfe a ka, bindiga rungume a ƙirji. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Ruwaida da Jaruminta Aminullahi Malam Ladan. Har da sunan ƙauyen.

Na san hoton. Shi kaɗai ne hotonsa da kaki da ya taɓa turo mini, ya ce in gani in goge. Ban goge ba. Wata rana Anti Zulfa tana yi mini tsiya a waya wai zan ƙare a rumfar albasa, ni kuma don in rufe mata baki na tura mata. Ita a Sakkwato auren soja abin taƙama ne, ƙawayenta har kwalliyar kaki suke yi wa amare. Ko a mafarki ba ta kawo cewa a ƙauye haɗari ne ba.

"Mi na na?" Goggo ta ce. "Ku gaya mini, ba ni gani."

Ya Gazali ya durƙusa ya sa mata robar a hannu. "Ɗanki na, Inna. Da kaki da bindiga da sunan Baba. An raba ma duk matan da sunka zo suna. Har mahutai, suna tafe suna fifita da su bisa babur."

Goggo ta kai robar dab da idonta. Ta daɗe. Ina jin tunda ya shiga soja ba ta taɓa ganinsa cikin kayan ba. Yatsanta ya bi fuskar a hankali, sannan ta kife robar a ƙasa.

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri, wallahi ban buɗe ba, ban sani…"

"Ba ki sani ba!" Ya juyo kaina. "Ku dut ba ku sani ba! Shi bai sani ba, ke ba ki sani ba, Zulfa ba ta sani ba. Ku yi ta alfahari bisa kwalta, mu muna nan muna biya. Na bar karatu don shi tafi, na bar fadama don shi zauna lafiya, yau ranar sunan ɗana kin zo kin rubuta muna suna a ƙofa. In sun zo, shi za su ishe? Ni za su ishe, da mai jego, da wagga tsohuwa!"

"Ya isa," Goggo ta ce. "Faɗa ba ya maido roba. Tashi ka bi waɗanda kaka iya bi."

Ya fita. Ni da Kamila da ƙanwarta muka bi gidajen maƙwabta muna karɓowa, muna cewa wai an yi kuskure, na wani biki ne aka haɗo. Wa zai yarda? Wasu suka miƙo, idonsu a ƙasa. Tsohuwar da ta shinshina hannuna ta riƙe ni ta ce a hankali, "Ɗiyata, mu mun daɗe da sani, mun dai yi shiru na. Waɗanda sunka tafi su na abin ji." Muka zauna bayan rumbu muna kankare sitika da wuƙa, muna jefawa a murhu. Fuskata da tasa suna nannaɗewa cikin wuta, warin roba ya cika gidan da ɗazu yake ƙamshin masa. Ina kankara ina kuka, Kamila da ɗanyen jikinta tana ba ni haƙuri, abin da ya fi zagi ciwo.

Ya Gazali bai dawo ba sai gab da magariba, da 'yan robobi ɗaure a bayan babur. Ya samu na kusa. Na ƙauyukan da ke bakin daji kuwa, ya ce ya kai mararraba ya ga sawun babura da yawa sabo a laka, ya juyo. Ranar ba wanda ya ci naman suna. Babu motar komawa, a ɗakin Goggo na kwana, ina jin ta tana juyi har asuba.

Da hantsi, ina shara a tsakar gida don in samu abin yi da hannuna, sai muka ji babur ya tsaya a ƙofa, an yi sallama cikin ladabi. Ya Gazali ya fita. Ba a daɗe ba babur ɗin ya tashi. Ya shigo yana tafiya kamar wanda aka zare wa laka, da roba shuɗiya a hannu, an rufe ta da sabon faifai.

"Wa na na?" in ji Goggo daga bakin ƙofarta.

"Ban san shi ba. Ya naɗe fuska da rawani." Ya ajiye robar a ƙasa. "Yac ce a yi miki barka da jika. Yac ce an ga saƙo an gode, ga tukuici. Kuma wai a gaida ango, suna nan suna jiran zuwanai."

Kun san al'adarmu, in aka kawo maka abu a kwano ba ka mayar da shi haka nan, sai ka sa wani abu a ciki. To sun sa. Ya ɗaga faifan. Goro ne fari manya masu kyau, irin na ɗaurin aure, a tsakiyarsu harsashi yana ƙyalli. Sitikar tana nan a jikin robar, fuskata lafiya lau, tasa kuma an soke ta da tsinin wuƙa.

Kamila ta rungume jaririnta ta shige ɗaki. Ni kuwa abu ɗaya ne ya zo mini, in gaya masa. A gidan duka wuri ɗaya ake samun sabis, jikin katanga kusa da rumbu, shi ma sai ka kife turmi ka hau. Tun jiya tashin hankali bai bar ni na hau ba. Na kife turmin, na tattare zane na hau, na ɗaga wayar sama. Ta yi ƙara, saƙonni suka shigo. Nasa ne a sama, tun jiya da yamma ya turo.

"Mai-kan-ƙwarya, albishir. An ba ni fas ɗin hutu da wuri, har na kama hanya. Ba zan tsaya Tambuwal ba, ƙauye zan wuce kai tsaye in ga mai sunan Baba, in durƙusa gaban Inna kafin biki. Ko za ta kore ni sai ta gan ni. Kar ki faɗa wa kowa. Cajina ya kusa ƙarewa, sai kin gan ni gobe."

Goben nan ita ce yau.

Na kira. A kashe. Na sake kira, a kashe. Na kira Baba, ya ce bai biyo ta gida ba, bari ya ruga tasha. Ban san ina ihu ba sai da na ji Ya Gazali yana girgiza turmin yana tambayata. Na karanta musu saƙon da ƙarfi, har da Mai-kan-ƙwaryar, kunya ta gudu ta bar ni.

Ya Gazali, wanda jiya ya ce shi ake bari da biya, bai tsaya wata-wata ba. Takalmansa kawai ya zura ya tura babur, ya ce zai je Kebbe ya tsaya a tasha ko Allah Ya sa ya tare shi. Hanya biyu ce take shigowa ƙauyen, kuma Ya Aminu bai cika bin ta tasha ba saboda idon mutane. Duk mun san haka, ba wanda ya faɗa.

Ina nan tsaye kan turmi sai na ji an kama zanena. Goggo ce, ta lallaɓo da bango.

"Sauko. Wanga abu naku da aka yin magana a aje, in ya kunna shi ji, yana yi?"

"Yana yi, Goggo."

"Hau da ni."

"Goggo, za ki faɗi, ki yi daga ƙasa in…"

"Nic ce ki hau da ni."

Na riƙe ƙugunta, ba nauyi kamar kara. Ta dafa kafaɗata ta hau turmin, ɗankwalinta ya zame furfura ta bayyana. Na danna mata na kai wayar bakinta.

"Aminu." Muryar ta karye. "Aminullahi, ni ta, Inna. Na yafe. Ka ji? Duniya da lahira na yafe maka, ubanka ma ya yafe. Don Allah, don darajar nonon da kash sha, kak ka taho. Koma wurin aikinka, auta. Kak ka taho gida."

Na saki, saƙon ya tafi. Muka zuba wa wayar ido ni da ita, ko da yake ita ba ta ganin komai. Alama ɗaya ce ta fito. Na jira ta biyun, wadda za ta nuna ya shiga wayarsa, ba ta zo ba.

"Ya ji?" ta ce. "Ruwaida, ya ji ni?"

Na buɗe baki zan ce mata yana hanyar ji, sai na tuna abin da ta gaya wa Malam, na kasa.

Tana nan tsaye kan turmi, hannunta a kafaɗata, ta fi katangar tsayi. Sai na ji yatsunta sun nutse cikin namana. Kunnenta ya riga nawa. Daga can cikin gero, ta hanyar da ba ta tasha ba, ƙarar babur ce take matsowa.